Mita 84.70 a Tokiyo: shin tarihin jifan guduma na 1986 ya kusa faɗuwa?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun ranar Talata, 16 ga Satumba, 2025, nake son in kawo wannan magana zauren nan, amma na dakata har sai da na sake kallon wasan daga farko zuwa ƙarshe, don kada ɗoki ya sa in faɗi abin da ba haka yake ba. Ina magana ne a kan zagayen ƙarshe na jifan guduma na maza a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Tokiyo, wanda ya zo mana da rana tsaka saboda bambancin agogo, lokacin da yawancinmu muna bakin aiki.

Ethan Katzberg na Kanada, matashi ɗan shekara 23, ya jefa mita 84.70 a jifansa na biyu, ya shafe tarihin gasar na mita 83.63 da Ivan Tsikhan na Belarus ya kafa a Osaka a 2007. Abin da ya fi burge ni shi ne halin da ya yi jifan a cikinsa, domin a jifan farko Merlin Hummel na Jamus ya riga ya sha gabansa da mita 82.77, kuma maimakon ya rikice sai ya dawo da amsa nan take. Bence Halász na Hangari ya ɗauki tagulla da 82.69, shi kuwa Mykhaylo Kokhan na Yukren ya haura mita 82 amma ya koma gida hannu rabbana. Ku tuna cewa a Olamfik na Faris, shekara guda kafin nan, mita 79.97 aka ci azurfa da ita.

Ra'ayina shi ne tarihin duniya na mita 86.74 da Yuriy Sedykh na Tarayyar Sobiyet ya kafa a 1986 zai faɗi, kuma a hannun yaron nan zai faɗi. Ya ci gasar duniya ta Budapest a 2023 da 81.25, ya ci Faris a 2024 da 84.12 a jifansa na farko, yanzu ga 84.70. Saura mita 2.04 kawai. Ina son in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin manya su shigo, ina roƙon a yi mana bayani mu da ba mu san wasan sosai ba. Na kalli hoton bidiyon, amma ban ga guduma irin ta maƙera ko ta kafinta ba, ƙwallo na gani a ɗaure da waya. Me ya sa ake kiranta guduma, kuma me ya sa ake rufe mai jifan a cikin keji?

Tsohon Majefi:
Ƙanena, tambayarka a kan hanya take. Sunan ya samo asali ne daga wasannin gargajiya na mutanen Ayalan da Sikotlan, inda a da guduma ta gaske mai ƙotar itace suke wujijjigawa su jefa. Daga baya aka sauya siffar kayan amma sunan ya zauna. Wasan yana cikin Olamfik tun 1900, kuma John Flanagan, ɗan asalin Ayalan da ya wakilci Amurka, shi ya ci zinare sau uku na farko a jere.

Abin da ake jefawa yau curin ƙarfe ne da aka haɗa da wayar ƙarfe da mariƙi, nauyinsa duka kilo 7.26 ga maza, tsawonsa bai wuce santimita 121.5 ba. Mai jifa yana tsayawa a cikin da'irar siminti mai faɗin mita 2.135, ya ba filin baya, ya kewaya curin a saman kansa kamar sau biyu, sannan ya fara juyawa da dukan jikinsa sau uku ko huɗu kafin ya saki. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya san tushen abin, sai dai a nan mutum ne da kansa yake juyawa tare da dutsen. Idan ƙafarsa ta taka saman bakin da'irar ko wajenta, jifan ya lalace. Idan curin ya faɗi a wajen layuka biyu da aka shata, waɗanda buɗinsu digiri 34.92 ne kacal, nan ma ya lalace. Kejin kuwa don kare rayuka ne, domin kuskuren ƙiftawar ido wajen saki yana iya aika ƙarfen nan cikin 'yan kallo ko kan masu gudu.

Na yi wannan wasa shekara huɗu a lokacin ina makarantar gaba da sakandare. Ba mu da keji, saboda haka sai an tabbatar babu kowa a filin ake ba mu dama, galibi da sassafe. Na san nauyin abin a hannuna, shi ya sa idan na ji an ce "saura mita biyu kawai" nake jin ya kamata a yi hattara da kalmar "kawai".

Malamin Lissafi:
Malam Majefi, da izininka zan ɗan tsaya a kan mita biyun nan, domin lissafi yana da abin cewa, kuma yana goyon bayan Baban Hauwa fiye da yadda ake tsammani. Nisan da abu zai yi a sama ya dogara ne da saurin da ya bar hannu da shi, kuma ba ɗaya da ɗaya suke tafiya ba: idan sauri ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, nisa yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100. Jifan mita 85 yana buƙatar curin ya bar hannu da gudun kusan mita 29 a daƙiƙa guda, wato sama da kilomita 100 a awa. Tazarar da ke tsakanin 84.70 da 86.74 kashi 2.4 ce cikin 100, ke nan abin da Katzberg yake nema shi ne ƙarin sauri na kusan kashi 1.2 cikin 100. A kan takarda ba wani abu ba ne mai yawa.

Sai dai akwai ɗaya gefen. A juyin ƙarshe, ƙarfin da wayar take jan mai jifa da shi ya kai kamar nauyin kilo 300, kuma shi ma yana ƙaruwa ninki biyu na ƙarin saurin. Dole mutum ya jure wannan ja yana tsaye a kan diddige da gefen ƙafa, a cikin da'irar da ba ta kai faɗin tabarma biyu ba, ba tare da ya lanƙwasa hannu ba.

Dattijon Fagge:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗin ganin akwai masu kula da wannan wasa da ko gidajen talabijin ba sa ba shi lokaci. Amma Baban Hauwa, ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalili.

Ku matasa kuna ganin lamba ɗaya ce, 86.74, kamar wani jifa ne da sa'a ta kawo rana guda. Ba haka ba ne. A gasar Turai ta Stuttgart, ranar 30 ga Agusta, 1986, Sergey Litvinov, shi ma ɗan Tarayyar Sobiyet, ne ya fara da mita 85.74, wanda ko a yau ya fi abin da Katzberg ya taɓa jefawa da fiye da mita guda, kuma azurfa ya samu da shi. Sedykh ya bi shi a hankali har ya kafa tarihin a jifansa na huɗu, sannan jifansa na biyar da na shida su ma duk suka haura mita 86. Mutum ya wuce mita 86 sau uku a yammaci ɗaya. Kafin wannan, a watan Yulin 1984 a birnin Cork na Ayalan, su biyun sun wuce tarihin duniya na lokacin a rana ɗaya, Sedykh ya tashi da 86.34. A wannan shekarar Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace wa Olamfik na Los Angeles, aka ci zinare a can da mita 78.08, alhali mutum biyu da ke jefa fiye da 85 suna zaune a gida.

Abin da nake nufi shi ne Sedykh ba ziyara ya kai mita 86 ba, a can yake zaune. Kafin mutum ya jefa 86.74, sai ya zama mita 85 ta zame masa ruwan sha, kuma har yanzu yaron nan bai taɓa taka 85 ba a gasa. Sannan ka duba lissafinka da kyau. Ka ambaci Budapest da Faris da Tokiyo, amma ka tsallake Nairobi, inda ya jefa 84.38 a watan Afrilun 2024. Daga wannan rana zuwa Tokiyo wata goma sha bakwai ne, abin da ya ƙara santimita 32. Hawan da ya yi da gudu ya wuce, yanzu ya iso inda kowane taƙi sai an yi gumi.

Baban Hauwa:
Baba, na karɓi gyara a kan Nairobi, kuma gaskiya ne ban sa shi a lissafi ba. Amma a duba shekaru. Sedykh an haife shi a 1955, yana da shekara 31 ya kafa tarihin, shekara goma cif bayan zinarensa na farko a Olamfik na Montreal a 1976. Katzberg yana da shekara 22 ya ci Olamfik. Idan aka ba shi irin waɗannan shekaru goma, sannu ba ta hana zuwa.

Dattijon Fagge:
Haka aka ce game da Koji Murofushi na Japan lokacin da ya jefa 84.86 a Prague a 2003 yana ɗan shekara 28. Babu wanda ya fi shi kyan salo a zamaninsa, ɗan gado ne kuma, domin mahaifinsa ya ci gasar Asiya sau biyar. Koji ya ci zinaren Olamfik na Atan a 2004, ya zama zakaran duniya a Daegu a 2011 yana da shekara 36, amma bai sake wuce 84.86 ba har ya yi ritaya. Paweł Fajdek na Folan ya ci gasar duniya sau biyar a jere, daga Mosko a 2013 zuwa Eugene a 2022, bai taɓa kai mita 84 ba. Ba baki nake yi wa yaron ba, ina dai gaya maka cewa na ga irinsa sun zo sun tsaya a wannan bakin.

Maman Nusaiba:
Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai abin da kowa yake kewayewa a wannan muhawara, kuma ina ganin idan ba a faɗe shi ba duk kwatancen da ake yi bai cika ba. A 1986 babu gwajin ba-zata na ƙwayoyin ƙara kuzari a wajen lokacin gasa irin wanda ake yi yanzu, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, sai a 1999 aka kafa ta. Grigory Rodchenkov, wanda ya taɓa shugabantar ɗakin gwaji na Mosko, ya fito fili ya zargi Sedykh da amfani da irin waɗannan ƙwayoyi. Shi ma wasan kansa tarihinsa bai da tsabta a wannan fanni. Zinaren da Murofushi ya samu a Atan sai da aka ƙwace shi daga hannun Adrián Annus na Hangari sannan aka ba shi. Mutumin da ya fi kowa kusantar tarihin, wato Tsikhan, wanda ya jefa 86.73 a 2005, santimita ɗaya tak ƙasa da Sedykh, daga baya an soke wannan sakamako bayan da aka sake gwada tsofaffin samfuransa. Har Dilshod Nazarov na Tajikistan da ya ci zinare a Rio a 2016 an dakatar da shi daga baya.

Saboda haka a wurina 84.70 na yau, a zamanin da ake iya ƙwanƙwasa wa ɗan wasa ƙofa da asuba a karɓi jininsa, kuma a adana samfurin shekara goma, ya fi daraja fiye da yadda lambar take nunawa.

Dattijon Fagge:
'Yata, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba a taɓa yanke wa Sedykh hukuncin shan ƙwaya ba, ya musanta zargin da bakinsa, kuma ya rasu a Faransa a watan Satumbar 2021, ba zai iya ƙara kare kansa ba. Ban ce zamanin yana da tsabta ba, domin shirin ba 'yan wasa ƙwayoyi da aka bankaɗo a Jamus ta Gabas kowa ya san shi. Amma ki lura da abu ɗaya: ƙwaya tana ƙara ƙarfi, ba ta koya wa ƙafa inda za ta sauka. Akwai ɗimbin mutane a wancan zamani da suka fi shi girman jiki da ƙarfin ɗaga ƙarfe, kuma ba su kusanci mita 86 ba. A 1991 a wannan birni na Tokiyo, bayan an tsaurara gwaji, Sedykh ya ci gasar duniya yana da shekara 36.

Maman Nusaiba:
Na yarda, Baba, kuma ban yanke wa mamaci hukunci ba. Maganata a kan zamani ce, ba a kan mutum ɗaya ba. Ina dai ƙin a auna yaran yau da ma'aunin da ba mu da tabbacin an daidaita shi.

Tsohon Majefi:
Hajiya, akwai inda maganarki da ta Baba suka haɗu, kuma shi ne abin da ya fi jan hankalina a dukan labarin nan. Wanda ya horar da Sedykh shi ne Anatoliy Bondarchuk, zakaran Olamfik na Munich a 1972. Bondarchuk ya koma Kanada da zama, garin Kamloops, ya horar da Dylan Armstrong, mai jifan dalma, wato curin ƙarfe marar waya, da ya samu tagullar Olamfik na Bejin a 2008. Shi kuma Armstrong shi ne kocin Katzberg. Ke nan ilimin da ya kafa tarihin 1986 shi ne yake ƙoƙarin rushe shi yanzu, ta hannun almajirin almajiri.

Abin da wannan makaranta ta koyar shi ne ba a jan guduma, tura ta ake yi. Ɗan koyo yana ganin ƙarfin damtse ne, sai ya fizgo wayar zuwa jikinsa ya riga curin juyawa, nan take da'irar da curin yake zagayawa ta ƙanƙance, sauri ya mutu. Gwani kuwa yana sakin kafaɗa, hannuwa a miƙe kamar igiya, ya bar curin ya yi nisa da shi, ya zauna kaɗan kamar mai shirin hawa kujera don ya daidaita jan. Kuma ba a ƙara wa curin sauri sai lokacin da ƙafa biyu suke ƙasa. Ga na-dama, ƙafar hagu ita ce take juyawa daga diddige zuwa yatsu ba ta barin ƙasa, ta dama kuma ta tashi ta dawo, kuma gwargwadon yadda ta dama ta yi saurin sauka, gwargwadon tsawon lokacin turawa. Sedykh juyi uku yake yi a lokacin da Litvinov da yawancin mutane suke huɗu, amma ukun nan babu ɓarna a cikinsu ko ta ƙwayar zarra. Katzberg huɗu yake yi, dogo ne mai dogayen hannuwa wanda ya buga ƙwallon kwando kafin ya rungumi jifa, kuma bai da kiɓar da aka saba gani ga majefa. Tsawon hannun nan kyauta ce daga Allah da Sedykh bai samu irinta ba. Wannan ne ya sa, duk da hattarar da na nema a farko, nake karkata wajen Baban Hauwa.

Malamin Lissafi:
Ƙari a kan haka, tarihin nan yanzu shi ne mafi daɗewa a duk wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na maza da ake yi a Olamfik, kuma 'yan'uwansa sun faɗi a gaban idonmu. Ryan Crouser ya rushe na jifan dalma a 2021 bayan shekara 31, Mykolas Alekna ya rushe na jifan faifai a 2024, wanda shi ma tun 1986 yake. Sai dai a yi adalci: faifai iska tana ɗaukarsa, kuma an zaɓi fili mai iska a Oklahoma aka yi wancan jifa. Curin kilo 7.26 babu iskar da za ta taimaka masa wani abin a-zo-a-gani.

Abu Sadik:
Na ƙaru sosai, Allah ya saka da alheri. To mu a Afirka fa, akwai wanda yake kusa da waɗannan lambobi?

Maman Nusaiba:
Tarihin Afirka na maza yana hannun Mostafa El Gamel na Masar, mita 81.27 tun 2014, kuma Masar da Afirka ta Kudu ne suka daɗe suna rabon lambobin wannan wasa a nahiyar. Mu kuwa a Najeriya labarin da ya fi ci mini rai na mace ne. Annette Echikunwoke ta je Olamfik na Tokiyo a 2021 don ta jefa mana guduma, aka hana ta shiga tare da wasu 'yan wasanmu tara saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada ba, ba don an same ta da laifi ba. Ta koma tana wakiltar Amurka, ta ci azurfa a Faris a 2024.

Dattijon Fagge:
Bari in faɗi abin da zai sa in sauya ra'ayi, don kada a ce na kafe. Sedykh yana da Litvinov a bayansa shekara da shekaru, kowa ya san idan ya yi sakaci ɗayan zai wuce. A Faris Katzberg ya ba na biyu ratar fiye da mita huɗu, kuma wanda yake cin gasa da irin wannan rata babu abin da zai tilasta masa ya nemo ƙarshen ƙarfinsa. A Tokiyo da Hummel ya matsa masa, kun ga abin da ya fito. Hummel shi ma matashi ne, sa'ansa ne. Matsalar ita ce ba sa yawan haɗuwa a manyan fage, tunda jerin gasannin Diamond League ba su sa jifan guduma cikin wasanninsu na dindindin ba. Idan Hummel ko Halász ya kai mita 84 a kakar wasa mai zuwa, ku dawo mu sake zama.

Baban Hauwa:
Na amince da wannan sharaɗi, Baba, kuma na ƙara da nawa: idan ya haura mita 85 sau biyu a gasa ɗaya kafin Olamfik na Los Angeles a 2028, zan dawo wannan zaure in tuna maka. Malam Majefi, don Allah idan ka samu lokaci ka sake kallon jifansa na biyu a hankali, ka gaya mana a juyi na nawa ƙafarsa ta dama ta fi saurin sauka, domin na kalla har sau biyar idona bai iya kamawa ba.